Wa zai tambayi mai gini inda motoci za su tsaya?

Tun daga shekarar 2011 zuwa yau, da wuya a sami wani aiki da gwamnatocin Jihar Kano suka fi tinƙaho da shi kamar gada. Gwamnatin Kwankwaso ta biyu ta yi gadar sama ta Ƙofar Nasarawa da gadojin ƙasa na Gadon Ƙaya da Kabuga. Ta Ganduje ta kammala doguwar gadar Sabon Gari, ta ƙara da ta Dangi da ta Hotoro. Ta Abba Kabir Yusuf ita ma da zuwanta sai ta kama aikin na Tal'udu da Ɗan'agundi. Gwamnatocin nan uku ba kasafai bakinsu ke zuwa ɗaya ba, amma a kan wannan sun yi ittifaƙi: in hanya ta cushe, a ɗaga ta sama ko a nutsar da ita ƙasa.

Ba na cikin masu raina waɗannan ayyuka. Duk wanda ya san yadda shataletalen Dangi yake da la'asar kafin a yi masa gada, ba zai ce an yi ɓarnar kuɗi ba. Sai dai ni da nake ratsa garin nan kusan kullum tsakanin gida da wurin aiki, na lura cewa sau da yawa gada matsar da cunkoso kawai take yi. Ka hau ka sauka cikin minti guda, ka tarar da shi yana jiranka a gaba kaɗan, daidai ƙofar wani rukunin shaguna, ko gidan mai, ko makaranta, waɗanda bara waccan babu su a wurin. Wannan ne ya sa na rage kallon kwalta, na koma kallon gine-ginen da ke gefenta. Kowane gini yana kiran mutane, mutane kuma da abin hawa suke zuwa. Ranar da aka sa hannu a takardar izinin gini, ranar aka yanke hukuncin yawan motocin da za su bi wannan titi, ko wanda ya sa hannun ya sani ko bai sani ba.

Layinmu ya ishe ni misali. Titi ne mai hannu biyu, ɗaya na tafiya ɗaya na dawowa, wanda aka shimfiɗa domin gidajen zama. Lokacin da muka tare, yara har ƙwallo suke bugawa a kansa bayan sallar la'asar. Wani dattijo maƙwabcinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, magada suka sayar da gidan, wanda ya saya ya mayar da shi makarantar kuɗi. Bayan shekara biyu, filin da ke kan kwana ya zama zauren biki. Daga nan gidan da ke kallon babban titi ya fasa katangarsa ya fitar da shaguna, sama da ƙasa. A cikin mutanen nan uku babu mugu ko ɗaya. Kowannensu neman halalinsa yake yi, kowa ya ce yana da takardunsa, ni kuwa ba ni da hujjar ƙaryata shi. Makarantar ma 'ya'yan maƙwabtana da yawa a cikinta suke karatu. Amma titin nan faɗinsa bai ƙaru da ko taku ɗaya ba, alhali kayan da aka ɗora masa sun ninka ba adadi.

Mai karatu ya yi haƙuri mu ɗan yi lissafi, domin a nan gizo ke saƙar. Ƙaramar mota idan ta tsaya takan ci wuri mai faɗin mita biyu da rabi da tsawon mita biyar. In aka haɗa da sararin da za ta shiga ta juya ta fita, ana ƙiyasta mata murabba'in mita 25. Fulotin da muka saba da shi, mai ƙafa 50 a faɗi da 100 a tsawo, bai kai murabba'in mita 470 ba, wato ko babu bulo ɗaya a cikinsa, motocin da zai ɗauka ba su kai ashirin ba. To, a ɗauka zauren biki ya tara baƙi ɗari biyar, kuma mota ɗari ce kacal ta kawo su. Motocin nan suna bukatar fiye da fuloti biyar. Zauren layinmu a kan fuloti biyu yake zaune, ginin kuma ya cinye kusan duka, domin kujera ake biya wa kuɗi, ba wurin fakin ba. Ina sauran motocin za su? Bakin titi, da ƙofar gidajenmu, da kan kwalbati. Mai zaure ya ci ribar filinsa har iyakar katanga, ya kuma ci ribar filin jama'a kyauta.

Injiniyoyin hanya sukan ce hannu ɗaya na titi, matuƙar ba abin da ya tare shi, yana iya wucewa da ƙananan motoci wajen 1,800 a cikin awa guda. Mota ɗaya tak da ta tsaya tana sauke kaya ta isa ta rufe wannan hannu gaba ɗaya. Titin da aka kashe maƙudan kuɗi aka yi masa hannu biyu sai ya koma mai hannu ɗaya, wanda ya rage ɗin ma ba ya aiki yadda ya kamata, saboda kowa na ƙoƙarin kutsawa cikinsa.

Da abin ya tsaya ga ɓata lokaci da ƙona fetur, da sai in ce mu jure, zaman birni ya gaji haka. Amma wani daren Asabar, ana tsakiyar biki, naƙuda ta kama matar wani maƙwabcina, haihuwar kuma ta zo da gardama. Motarsa na cikin gareji, an toshe ƙofar da motoci biyu, masu su na can cikin kiɗa ba wanda ya san su. Sai da mata suka riƙo ta a kafaɗa har bakin babban titi, aka tsayar da a-daidaita-sahu. Allah ya kiyaye, uwa da ɗa suka rayu. Kashegari muka tafi wurin mai zauren tare da mai unguwa. Mutumin ya karɓe mu da mutunci, ya jajanta, ya yi alkawarin ƙara masu gadi. Da muka matsa a kan maganar fakin sai ya ce, "Malam, ni fa iyakata katangata. Titi na gwamnati ne." Ban ji haushinsa ba, domin abin da tsarin ya koya masa ke nan. Da zai yi ginin an tambaye shi kaurin ginshiƙi da zurfin harsashi, amma bisa ga abin da ya gaya mana, ba wanda ya tambaye shi mutum nawa zai tara, da ƙarfe nawa, kuma a ina za su tsaya.

Ba rashin doka ne ya kawo haka ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana. Dokar Tsara Birane da Yankuna ta 1992 ta wajabta neman izini kafin a yi gini, har ta ce wanda zai gina masana'anta, ko ofis mai fiye da hawa huɗu, ko rukunin gidaje a filin da ya haura hekta biyu, sai ya kawo bayanin tasirin aikinsa a kan muhalli. A 2003 kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta shigar da Gwamnatin Tarayya, ta tabbatar da cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Ke nan wuƙa da nama suna hannunmu a nan gida. Inda gibin yake shi ne, gine-ginen da suka fi shaƙe titunan Kano ba su kai girman da doka ta ambata ba. Makaranta ce a gidan da aka gina don iyali ɗaya, da shaguna goma sha biyu a inda katanga take a da, da gidan mai a kusa da mahaɗa. Kowanne in ka dube shi shi kaɗai ba ya da wani laifi. Sai an jera su ashirin a titi guda ake gane abin da aka yi, a lokacin kuwa aikin gama ya gama, sai a turo ma'aikatan KAROTA su tsaya cikin rana suna fama da matsalar da ba su suka ƙulla ta ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, kakanninmu sun san wannan ilimi tun kafin a ƙera mota. Ni a cikin birni na tashi, kuma duk wanda ya tashi a can ya san lungunanmu an yi su ne daidai mutum da jaki. Ayarin fatake ba ya kutsawa cikinsu da raƙuma, zango yake sauka, a kwance kaya, 'yan dako da jakuna su shigar da su Kasuwar Kurmi kaɗan-kaɗan. Fagge kanta a bayan ganuwa ta girma a matsayin masaukin baƙi da ayari. Marina suna da wurinsu a Ƙofar Mata, maƙera da dukawa da majema kowa da unguwarsa. Sana'ar da ke jawo kaya masu nauyi an ba ta wurin da zai iya ɗaukarta. Ko a zamanin boko an gwada: a farkon shekarun 1960 an ɗauko wani Bature masanin tsara birane, Trevallion, ya tsara wa Kano da kewayenta shirin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda ya fayyace inda za a zauna da inda za a yi masana'antu da inda manyan hanyoyi za su bi. Wa'adin wannan shiri ya ƙare fiye da shekara arba'in da suka wuce, garin kuwa bai tsaya jiran kowa ba.

Kantin Kwari ita ce babbar shaidar abin da ke faruwa idan amfanin wuri ya sauya amma hanyarsa ba ta sauya ba. Asalinta unguwar 'yan kasuwa Kwara ce, kanti a gaba, wurin kwana a baya ko a sama. Shi ya sa har yau "gida" ake kiran kowane rukunin shaguna a cikinta. Gidajen nan aka yi ta rushewa ana tayar da benaye, kowane ɗaki ya zama shago, kowane tsakar gida ya zama rumfa, har ta zama kasuwar da ake zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru. Albarka ce babba, ba mai musu. Amma layukan da ke cikinta su ne dai na zamanin da iyali ɗaya ke cikin kowane gida. Ka haɗa ta da Singa da Sabon Gari da Ƙofar Wambai, dukkansu a ɗan taƙi guda, duk mai sari da mai sayen ɗaiɗai da tirela da kurkura da mai baro suna neman shiga a lokaci ɗaya. Ba injiniyan da zai iya zana gadar da za ta warware wannan. Kuma duk sanda gobara ta tashi a ɗaya daga cikin kasuwannin nan, kamar wadda ta cinye Sabon Gari a 2016, tambayar farko da ke zuwa zuciyata ita ce ta ina motar 'yan kwana-kwana za ta bi.

An taɓa yin dabara mai kyau. A shekarun 1980 aka fitar da cinikin hatsi zuwa Dawanau a kan hanyar Katsina. Kayan gwari suna 'Yankaba, kayan marmari suna 'Yan Lemo, goro yana Mariri. Mai karatu ya kwatanta a ransa yadda tsakiyar gari za ta kasance da a ce tirelolin Dawanau a Sabon Gari suke sauke buhuna. A 2024 ma an tilasta wa masu sarin magunguna barin Sabon Gari zuwa sabuwar cibiyar da ke Dangwauro a kan hanyar Zariya. Dalilin hukuma shi ne sa ido a kan ingancin magani, amma titunan da suka bari su ma sun sami sauƙi. Fargabata ita ce kada mu kwashe cutar mu kai ta sabon wuri. Kasuwar da aka kafa a bakin babbar hanya, in ba a yi mata titin gefe da tashar manyan motoci da ƙofar shiga dabam da ta fita ba, kuma ba a hana kafa shaguna a bakin kwalta daura da ita ba, shekara goma ta isa ta mayar da babbar hanyar layin kasuwa.

A nan sai in yi hanzarin cewa ba ina kira a kwashe komai a kai bayan gari ba ne. Wannan ma wata hanyar haifar da cunkoso ce, kuma Abuja ta nuna mana. An tara ofisoshi a tsakiya, tsadar haya ta kora ma'aikata zuwa Nyanya da Mararaba da Kubwa, sai ga dubban mutane suna kwarara hanya guda da safe, su kwararo ta da yamma. Mai shagon kayan masarufi a unguwa, da ƙaramin asibiti, da makarantar da yaro zai taka da ƙafa, waɗannan rage zirga-zirga suke yi. Makarantar layinmu da a ce yaran unguwa kaɗai take ɗauka, da ba wanda zai ji motsinta. Damuwar ta zo ne da ta yi suna, aka riƙa kawo yara daga unguwanni masu nisa, kowane yaro da motarsa, ƙofa kuma guda ɗaya tana buɗewa kai tsaye a kan titi. Abin da ake bukata shi ne a bambance tsakanin ginin da ke yi wa maƙwabtansa hidima da wanda ke kiran gari duka. Na biyun ba shi da wurin zama a lungu.

Wasu ƙasashe sun riga mu cin karo da wannan. A birnin Houston na Amurka an faɗaɗa wata babbar hanya mai suna Katy, aka gama a 2008, har ta kai hannu 26 a wasu wurare in an haɗa da titunan gefenta. Cikin 'yan shekaru cunkoson ya dawo, domin sabuwar hanya ta jawo sababbin unguwanni, su kuma suka jawo sababbin motoci. Birnin Kuritiba na Burazil ya bi wata hanyar. A zamanin magajin garinsa Jaime Lerner, wanda shi kansa masanin zanen gine-gine ne, an ware wa manyan bas-bas hanyarsu tun 1974, sannan aka ce dogayen benaye da manyan wuraren kasuwanci a gefen waɗannan hanyoyi za a gina su, tsayin gini kuma ya riƙa raguwa gwargwadon nisansa da hanyar bas. Wato an fara sanin inda mutane za su bi, sannan aka ba da izinin inda za su taru. A Ingila kuwa, sashe na 106 na dokar tsara birane ta 1990 ya ba ƙaramar hukuma damar ƙulla yarjejeniya da mai babban gini, ya biya kuɗin gyaran mahaɗa ko tashar bas ko hanyar masu tafiya a ƙasa da gininsa zai sa a bukata. Wanda zai ci riba shi ke ɗaukar nauyin abin da ya jawo.

Ba sai mun kwafo tsarin kowa ba, domin garinmu da irin nasa hali. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, a-daidaita-sahu ce ta zama ƙafar talakan Kano, ita kuwa duk inda aka ɗaga mata hannu nan ne tasharta. Mafi yawan masu zuwa shaguna da asibitoci da makarantunmu a cikinta suke zuwa. Saboda haka a wurinmu, wurin sauke fasinja da ɗaukarsa ya fi wurin fakin muhimmanci. Da ni ake shawara a Hukumar Tsara Birane ta jiha, KNUPDA, da na ce duk wanda zai gina abin da ke tara jama'a, ko zai sauya gidan zama ya koma wurin sana'a, a ba shi takarda shafi guda ya amsa kafin a duba zanensa: mutum nawa kake sa ran za su zo, a wane lokaci, a kan me? Ina a-daidaita-sahu za ta ratse ta sauke su ba tare da ta tsaya a kan kwalta ba? Ina motar kaya za ta tsaya, kuma da ƙarfe nawa? Ƙofarka taku nawa ce daga mahaɗa? In amsa ba ta gamsar ba, ya ja gininsa baya, ko ya rage shi, ko ya sayi fulotin kusa, ko ya nemi wani wuri. A kuma liƙa sanarwa a jikin filin na wasu makonni, maƙwabta su san abin da ke tafe, su faɗi albarkacin bakinsu. Babban kantin Ado Bayero da aka buɗe a titin Gidan Zu a 2014 ya nuna abin mai yiwuwa ne: an ja ginin can ciki, an bar wa motoci fili a gaba. Sannan a riƙa komawa ana dubawa, domin mun sha ganin wurin da aka zana na fakin ya rikiɗe ya zama shaguna bayan an karɓi takarda.

Na san abin da za a ce: wannan zai ƙara wa mai gini tsada, zai kuma buɗe wata sabuwar ƙofar cin hanci. Maganar farko gaskiya ce, sai dai tsadar nan ko yanzu ana biyan ta, direba da ɗalibi da mai naƙuda ne ke biya. Ta biyun ma ba ƙarya ba ce, maganinta kuwa a rubuta ƙa'idar da lambobi, a buga ta kowa ya gani, yadda jami'i ba zai sami abin sayarwa ba. Mun kuma ga abin da ke faruwa in aka bari sai an gama gini. Rusau ɗin da aka yi a watan Yunin 2023 a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, ko mutum yana goyon bayansa ko yana adawa da shi, ya ga dukiyar da ta koma ƙasa da shari'un da suka biyo baya. Hana aza bulo na farko bai kai wannan ciwo ba.

Inda hankalina ya fi tashi yanzu shi ne gefen gari, wajen Ɗanbare da Langel da Jaba da Zawaciki da Gunduwawa, inda gonaki ke komawa fulotai ta hanyar awon igiya. Mai gona da dillali ne ke zana unguwa, kuma kowane taku da aka bar wa hanya asara ce a wurinsu. Kwanan baya na raka wani ƙanena duba fili a ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare. Na auna layin da ƙafata, da ƙyar motoci biyu za su gifta juna, ba a ma fitar da kwata ba tukuna. Na tambayi dillalin ina aka ware wa makaranta da kasuwa, ina kuma babbar hanyar da za ta fitar da mutanen unguwar zuwa titi. Ya nuna mini wata gona can gaba, ya ce ai in an zo kanta za a san yadda za a yi. A can ne dubban iyalai za su zauna nan da shekara goma sha biyar. Ga tashar tsandauri ta Dala an buɗe a Zawaciki tun 2023, ga layin dogo na Kaduna da na Maraɗi suna tafe, kowannensu da tasharsa da manyan motocin da zai jawo. Yau gwamnati na iya kafa turaku a cikin gonakin nan ta ce nan hanya ce mai faɗin kaza, nan tasha, nan kasuwa, ta biya diyyar gero da dawa. In aka jira sai an tare, diyyar benaye za a biya, a rushe gidajen mutane, sannan a nemo bashin gina wata gadar.